Mudu da Sikeli: Inda Gumin Manomin Bakolori Ke Zurarewa

Tambayar da ta fi yawo a kasuwar Talata Mafara ranar Talata, da kasuwannin ƙasar Bakura da Maradun a ranakun cinsu, ita ce: "Nawa buhu ya kai yau?" Da ita manomi ke tarbar dillali bayan gaisuwa, ita ake yi ta waya tsakanin Gusau da Sakkwato da Dawanau, amsarta kuma ake kai wa gida da yamma. Akwai wata tambaya da ta kamata ta riga ta, amma ba a cika jin ta ba: me ke cikin buhun, kuma wa ya tabbatar? Farashi rabin ciniki ne. Ɗaya rabin shi ne awo, kuma a nan manomi ya fi rauni, domin farashi ana faɗinsa a bainar jama'a kowa ya ji ya yi tayi, awo kuwa yana hannun mutum ɗaya, galibi mai saye. Abin da wannan rubutu yake son tabbatarwa shi ne, maganin matsalar ba ya cikin zaɓi tsakanin mudu da sikeli. Yana cikin samun ma'aunin da ake dubawa a kai a kai, a gaban mutane, ta hannun wanda ba shi da riba a cinikin.

Maganar ta fi nauyi a wannan yanki saboda madatsar ruwa ta Bakolori. An tare kogin Sakkwato a ƙasar Maradun, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala madatsar a 1978, da nufin shayar da fili mai faɗin kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ba a samu wannan fili cikin ruwan sanyi ba. An tashi ƙauyuka, an karɓi gonaki, kuma a watan Afrilun 1980 rikicin diyya da rabon filaye ya kai ga 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta, aka rasa rayuka. Daga baya injinan feshin ruwa suka lalace, magudanai suka cushe, har aka sa Bakolori cikin shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Duk wannan dukiya da wannan jini an zuba su ne don manomi ya sami ƙarin buhuna na shinkafa da alkama da masara, da albasa da tumatir da dankali. Injiniyoyi sun auna yawan ruwan da madatsar za ta riƙe, sun auna gangaren kowace magudana. Amma amfanin da duk wannan lissafi ya haifar, idan ya iso kasuwa, sai a miƙa shi ga kwanon da ba wanda ya san ainihin cikinsa, ko sikelin da ba a taɓa gwadawa ba tun ranar da aka fitar da shi daga kwali.

Mu fara da ma'aunan da muka gada. Hatsi ana auna shi da mudu ko tiya ko kwano, a haɗa su a kira buhu. Tumatir yana tafiya da kwando. Albasa da tattasai da buhunansu. Gero a gona ana ƙirga shi da dami. A ƙa'idar da aka saba, tiya 40 ke cika buhu, kuma ana ɗaukar buhun gero ko masara a matsayin kilo 100, wato tiya ɗaya kusan kilo biyu da rabi ke nan. Sai dai duk waɗannan ma'aunai cika suke aunawa, ba nauyi ba, kuma cika abu ne mai sauƙin murɗawa. Tiyar da aka yi wa tozo ba ɗaya take da wadda aka shafe ba. Wadda aka girgiza aka danna ta fi wadda aka zuba a hankali. Kwanon da aka buga gindinsa ya shiga ciki ya rage, wanda aka buɗa bakinsa ya ƙaru, kuma sanannen abu ne a kasuwanninmu cewa akwai masu riƙe kwano biyu, na saye daban, na sayarwa daban. Buhu kuwa ya fi kowa rashin tabbas. Sunansa ɗaya, amma girmansa yana bin wanda ya zo da shi. Mai saye ne yake zuwa da buhunansa, a dunƙa masa hatsi har a daka da taɓarya ko a ɗaga a buga da ƙasa, sannan a ɗinka baki da ƙarin ƙyalle don ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin cikinsa. A kasuwar albasa abin ya fi fitowa fili, inda hular da ake ɗinka wa buhu takan ɗauki kaso mai tsoka. Duk wannan ana biyan sa da kuɗin "buhu ɗaya".

Ko da babu mai niyyar cuta, akwai wani ruɗani da yanayin amfanin gona ke kawowa. Shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, ta fi masara sauƙin nauyi saboda ɓawonta, don haka buhun da ya ɗauki kilo 100 na masara ba zai kai haka da shanshera ba. Sannan akwai danshi. Shinkafar da aka yanka yanzu takan zo da danshin da ya haura kashi 20 cikin 100, alhali masana'antun casa sun fi son ta sauko zuwa kusan kashi 14. Lissafin ba shi da wuya: kilo 100 mai danshin kashi 22, idan ya bushe ya sauko kashi 14, zai koma kusan kilo 91. Saboda haka mai saye yana da gaskiya idan ya ce zai cire wani abu a kan ɗanyar shinkafa. Inda gizo ke saƙar shi ne, nawa zai cire, kuma da me ya auna? Idan da haƙori ya cije ƙwaya ya yanke hukunci, to ra'ayinsa ne ya zama ma'auni, kuma da wuya ra'ayin mutum ya karkata zuwa inda zai yi asara. Na'urar auna danshi ƙaramar aba ce da ake riƙewa a hannu, manyan masu saye suna da ita. Manomi ne kawai ba ya ganin lambar da ta nuna.

Abin da ya sa wannan giɓi ya ƙara faɗi a 'yan shekarun nan shi ne, kasuwar shinkafa ta rabu gida biyu, kowane gida da harshen awonsa. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma sami manyan masana'antun casa a Kebbi da Kano da sauran wurare, shanshera ta zama kayan da ake saye da tan da kilo. A ƙofar masana'anta akwai babban sikelin da mota ke hawa da kayanta, a auna ta, ta sauke, a sake auna ta, a rubuta bambancin. A bakin gona kuwa har yanzu buhu ake ƙirgawa. Mutumin da ke tsakiya, wanda ya saya da buhu ya sayar da kilo, shi kaɗai ya san harsunan nan biyu, kuma duk kilon da ya iya cusawa cikin buhu ribarsa ce da ba ta bayyana a farashi ba. Wannan ba zagin 'yan kasuwa ba ne. Suna ɗaukar kasadar hanya, suna biyan kuɗin mota da na lodi da na shingaye, kuma in ba su ba amfanin gona da yawa da ya ruɓe a ƙauye. Hakkinsu ne su ci riba. Abin da ba hakkinsu ba ne shi ne ribar ta ɓuya cikin awo, inda manomi ba zai gan ta ba balle ya yi ciniki a kanta.

Wani zai ce ai kasuwa tana gyara kanta: idan buhun wane ya fi girma, manoma sun sani, za su nemi ƙarin kuɗi, a ƙarshe kowa ya tashi da hakkinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Manomi ba wawa ba ne, ya san kwanon da ke cin hatsi, kuma tsofaffin ma'auna sukan gane tauyayyen mudu da ido. Amma wannan hujja tana tsayawa ne kawai idan manomi yana da zaɓi da lokaci da labari. Wanda ya kawo tumatir a kan babur tun da asuba ba zai mayar da shi gida ba. Wanda ya ci bashin taki a hannun mai sayen ba shi da bakin cewa a canja buhu. Sannan ido yana gane babban bambanci ne, ba ya gane kilo uku cikin ɗari. Ga misali don lissafi kawai: idan ana tauye kilo 3 a kowane buhu mai kilo 100, manomin da ya sayar da buhu 40 ya yi kyautar kilo 120, wato fiye da buhu guda, bai sani ba. Motar da ta ɗauki buhu 300 ta tafi da kilo 900 da ba a biya ba. Wata illar kuma ita ce, rashin tabbacin awo yana kashe amfanin sanin farashi. Manomin Bakura zai iya jin farashin Dawanau ta waya cikin minti ɗaya, amma idan buhun can da na nan ba ɗaya ba ne, labarin bai ƙare shi da komai ba.

To sai a ce a jefar da mudu a koma sikeli, magana ta ƙare. Nan ma tarihi bai yarda ba, kuma dattawan da ke ɗari-ɗari da sikeli suna da dalilinsu. Auduga da gyaɗa suna cikin amfanin da aka fara saye da nauyi a ƙasar Zamfara. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurzar auduga a Gusau da Mayanci, aka ware kasuwannin da ake kai auduga a auna ta a biya. Koken manoma a kan akawun da ke karanta sikeli shi kaɗai, ya faɗi lambar da ya ga dama ga mutumin da bai san lambar ba, tsoho ne kamar cinikin kansa. A lokacin ma akwai malaman duba amfanin gona da kasuwanni ƙayyadaddu. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ɗan sa-idon da ke akwai ya ƙara raguwa. A Ghana, inda ake sayen koko da buhu mai kilo 64 ƙarƙashin hukuma guda, manoma sun daɗe suna kuka da akawunan da ke murɗa sikeli, har hukumar kokon ta koma neman a yi amfani da sikelin lantarki da za a iya rufewa da hatimi. Gaskiyar ita ce, cutar mudu ana ganin ta, ana iya gardama a kanta; cutar sikeli kuwa tana zuwa da lamba, lamba kuma tana rufe bakin mai ƙorafi. Sikelin da ba a dubawa ya fi tauyayyen kwano haɗari.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, sikeli yana iya yin ƙarya ba tare da kowa ya taɓa shi da mugun nufi ba. Sikelin rataye, wanda aka fi gani a kasuwannin ƙauye, yana aiki ne da murɗaɗɗen ƙarfe a cikinsa wanda ke miƙewa gwargwadon nauyin da aka rataya. Idan aka yi ta ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ƙarfen yakan saki ya daina komawa yadda yake. Tsatsa da ƙurar hunturu kuma sukan sa ya cije, allurar ta tsaya kafin ta kai inda ya kamata. Sikelin lantarki mai faranti yana da nasa ciwon. Abin da ke jin nauyi a ƙarƙashinsa ɗan ƙarfe ne da ke lanƙwasa kaɗan, na'ura ta mayar da lanƙwasar lamba. Idan aka ajiye shi a kan ƙasa marar daidai, ko tsakuwa ta shiga ƙarƙashin farantin, ko batir ya yi sanyi, ko ya wuni cikin zafin rana, ko 'yan dako suka riƙa jefa masa buhu daga kafaɗa, lambar za ta kauce. Kuma kaucewar ba ta san mai sikeli ba. Tana iya tauye manomi, tana iya tauye ɗan kasuwar da ya saya a Maradun bisa sikelinsa, ya isa masana'anta ya tarar kayansa sun gaza abin da ya biya. Irin wannan asara ce ke sa ɗan kasuwa mai gaskiya ya fara cire "kilo biyu na kariya" a kowane buhu, daga nan kuma abin ya zama al'ada.

Kula da sikeli ba aikin injiniya ba ne. A ajiye shi a daɓe mai ƙarfi wanda ya daidaita, cikin inuwa. A tabbatar yana kan sifili kafin a ɗora komai, a cire nauyin buhu ko kwando a gaban mai kaya. A ɗora abu ɗaya sau uku a ga ko lamba ɗaya zai bayar, a matsa da shi kusurwa huɗu na farantin a ga ko za ta canja. A auna buhu biyu ɗaiɗai, sannan a haɗa su a ga ko jimillar ta yi daidai. Ga ƙananan sikeli na mahauta da masu shago, ruwa shaida ne da ba ya karɓar cin hanci: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Amma babban gwaji shi ne ƙarfen da aka tabbatar da nauyinsa, mai kilo 10 ko 20, wanda ba a amfani da shi don komai sai gwaji. Duniya ma haka take yi. Bayan yarjejeniyar awo ta 1875, wani ɗan dunƙulen ƙarfe da aka ajiye a kusa da Paris ya zama uban kilo na duniya, ƙasashe suna gwada nasu da shi, har zuwa 2019 da masana suka sauya ma'anar kilo zuwa wani lissafi na kimiyya da ba ya tsatsa. Nijeriya tana da cibiyarta ta awo a Enugu. Sarƙar tana nan daga sama. A ƙasa ne ta tsinke, kafin ta iso rumfar mai awo.

Ba a wajen sayarwa kaɗai awo ke cin manomi ba, tun a wajen shuka yake farawa. Buhun takin zamani kilo 50 ne a rubuce, kuma ƙorafi a kan buhunan da ba su cika ba da takin da aka yi wa algus yana cikin abin da ya kai ga dokar kula da ingancin taki ta 2019. Manomin da ya sayi buhu a matsayin kilo 50 alhali 45 ne, ya yi asara sau biyu, a aljihu da kuma a gona. Wanda ke sayen taki da kwano ya fi shiga duhu. Maganin ciyawa da na ƙwari an rubuta adadin da za a zuba a tankin feshi, amma sau da yawa da murfin kwalba ko gwangwanin madara ake kimantawa. Idan ya yi kaɗan ƙwarin su saba da shi, idan ya yi yawa ya ƙona shuka ya gurɓata ruwan da ke komawa magudana. Maganin tsutsar dabbobi da nauyin dabba ake ba da shi, alhali mu da ido muke ƙiyasta sa. Har zinariyar da ake haƙowa a sassan Zamfara da giram ake sayenta a kan ɗan sikelin aljihu, inda kuskuren da bai kai ƙwayar gero biyu ba kuɗi ne mai yawa. Kuma manomin da bai san kilo nawa hektarsa ta ba shi bana ba, ba shi da hanyar sanin ko sabon irin da aka tallata masa ya fi tsohon, ko bashin da ya ci ya biya kansa. Zai ce "bana an samu" ko "bana ba a samu ba", wannan kuwa godiya ce ko haƙuri, ba lissafi ba.

Ga al'ummar Musulmi, batun ya wuce ciniki. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunan masu tauye awo, kuma ƙissar Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana, wadda kowane almajiri ya sani, a kan mudu da sikeli take. Ibada kanta ta rataya a kan awo. Nisabin zakkar hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, wato mudun Annabi 1,200 ke nan. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka wahala wajen ban ruwansa da guga ko inji ana fitar da rabin haka. Zakkar fidda-kai sa'i guda ce a kan kowane mutum. Manomin da ke ƙirga amfaninsa da buhun da girmansa ke sauyawa, ta yaya zai san ya kai nisabi ko bai kai ba? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma daular da aka kafa bayan haka tana da muƙamin muhtasibi, wanda duba kasuwa da ma'aunanta yake cikin aikinsa. A tsarin gargajiya ma akwai sarkin kasuwa da shugabannin ma'auna. Zamfara ita ce jihar da ta fara shelar aiki da Shari'a, a Gusau a watan Oktoban 1999, tana da hukumar Hisba da ta zakka. Saboda haka duba mudu ba baƙon abu ba ne da za a ce an aro daga Turawa. Aiki ne na asali na Hisba, kuma ya fi wasu ayyukan da ake ganin ta a kansu shafar tukunyar talaka.

A ɓangaren doka, awo da ma'aunai suna cikin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Akwai dokar awo da ta wajabta a gwada sikelin ciniki a sa masa hatimi, akwai kuma sashen da ke kula da wannan a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya. Masu abin hawa sun san irin wannan aiki a gidajen mai, inda jami'ai kan rufe famfon da ke tauye lita. Amma ba a sa ran 'yan tsirarun ma'aikata daga babban birni su zagaye kasuwannin mako-mako na ƙananan hukumomi 14 na Zamfara. Wannan bai zama uzuri ba, domin tsarin mulkin nan dai shi ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da kula da su, kuma suna karɓar kuɗin shiga a ƙofar kowace kasuwa. Ba sai an sake doka ba kafin ƙaramar hukuma ta ajiye sikelin jama'a. Abin lura a nan, ƙananan hukumomi ukun da Bakolori ke shayarwa kowace ta fitar da gwamna: Ahmad Sani daga Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle daga Maradun daga 2019 zuwa 2023. Yankin da yake da wannan murya a siyasa ba zai ce ya rasa wanda zai saya masa ƙarfen gwaji ba.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan rubutu ita ce ta tsaro. Mutanen da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, waɗanda ake aza wa haraji kafin su shuka da kafin su girbe, waɗanda aka rufe musu kasuwannin mako-mako da layukan waya a 2021, wa zai zo musu da zancen kwano? Ba mai hankalin da zai daidaita asarar rai da asarar tiya. Amma rashin tsaron ne ma ya sa awo ya ƙara zama abin damuwa. Idan hanya ta yi haɗari, masu saye sukan ragu, manomi ya sayar a gaggauce ga duk wanda ya iya isowa, da buhun da ya zo da shi. Wanda a da yake samun buhu 40 yanzu yana samun 15, to kilo ukun da ake tauye masa daga abincin 'ya'yansa ake cire su. Matar da aka raba da ƙauyenta, take sayen gero kwano ɗaya kullum a cikin gari, ita ce ta fi kowa jin raɗaɗin kwanon da aka buga wa gindi. Sannan tsaro abu ne da ya fi ƙarfin shugaban kasuwa. Gyaran awo kuwa yana cikin 'yan abubuwan da zai iya yi da hannunsa a wannan makon.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa. A kowace babbar kasuwa a sami rumfar awo ta jama'a, da sikeli mai faranti wanda lambarsa ke fuskantar mai kaya, da na'urar auna danshi, da ƙarfen gwaji, da tiya guda ta ƙarfe mai hatimi wadda za a riƙa gwada sauran da ita. Kada a hana mudu, domin mai sayen kwano ɗaya na tuwon dare ba ya buƙatar kilo. A dai daidaita shi, a rubuta a allo nauyin tiyar kowane hatsi. Mai riƙe rumfar kada ya zama mai saye ko yaron mai saye, a biya shi daga ɗan kuɗin da ake karɓa a kan kowane buhu, a gwada sikelin kowace safiyar kasuwa a gaban wakilin manoma da na 'yan kasuwa da na Hisba, sannan a gayyato jami'an awo na tarayya su sa hatimi ko sau ɗaya a shekara. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori, waɗanda suka riga suka saba haɗa kuɗi don yashe magudana, za su iya mallakar nasu sikelin a bakin gona. Sai dai a koyi darasi daga Kenya, wadda ta kafa ƙa'ida a 2019 cewa buhun dankalin Turawa kada ya wuce kilo 50, amma aiwatarwa ta yi ta tangarɗa saboda masu saye sukan koma yankunan da ba a matsa ba. Idan Talata Mafara ta gyara awonta ita kaɗai, manyan buhuna za su koma Bakura da Maradun. Dole shugabannin ƙananan hukumomin uku da sarakunansu su zauna su tsayar da ma'auni ɗaya, su fara rana ɗaya.

Kafin hakan ta samu, manomin da ke shirin sayar da shinkafarsa a wannan kaka ya ɗauki buhu ɗaya ya auna shi a sikeli biyu na mutane daban-daban, ya rubuta abin da kowanne ya nuna, sannan ya shiga ciniki.